Kujerar da Anka Ba Ni, da Hanyar Ƙwanni

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. In na buɗe rumfa, kafin in kwance ɗaurin buhu na farko wani ya tsaya kaina: "Ummaru, yaya mai jiki? Wai mi ya faru ne?" Masallaci haka, wurin mai shayi haka. Na gaji da maimaitawa, kuma labarin ya fara girma a bakin mutane, har na ji ana cewa jirgin sama ya ɗauke mu zuwa Yamai. Babu jirgi, babu Yamai. Ga shi na rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba. Ni ba ɗan boko ba ne, firamare ma ban ƙare ba, buhunan albasa nake saidawa a kasuwar Illela. Inda rubutun ya karkace a yi haƙuri da ni.

Mai jikin ɗiyata ce ta fari. Kun san yadda muke da ɗan fari. Tun ranar suna ban taɓa kama sunanta da bakina ba, uwarta ma haka. Da anka yaye ta mahaifiyata ta ɗauke ta zuwa Gidan Katta, can ta girma, shi ya sa muke ce mata 'Yar Inna. In ta zo gaishe ni sai ta durƙusa daga bakin ƙofa, fuska gefe, ni kuma in amsa ina kallon takalmina. Duk maganar da munka taɓa yi da ita ba ta wuce ina kwana da lafiya lau ba. Bara anka yi mata aure da wanda ta zaɓa, Nasiru, yaron kirki, mai bin motar albasa zuwa kudu.

Lokacin da ciwon ya fara Nasiru yana can kudu da kaya. Uwarta kuma tana cikin jego, ba ta yi arba'in ba. Inna, mahaifiyar tawa, ta rasu. Sai ya zama babu mai kai ta wurin magani sai ni.

Akwai wani ƙaramin ɗakin magani na kuɗi a unguwarmu, na wani saurayi, Sanusi. Kowa likita yake ce mashi. Ɗaki ɗaya ne da labule, gadon awo, teburinshi, da kujerar roba guda ta baƙi. Ni na yi niyyar tsayawa waje. Yana ganina ya miƙe ya jawo kujerar.

"Haba Baba, kai da tsayuwa cikin rana? Shigo, zauna nan."

Yaro ya girmama ka, za ka ce a'a? Na zauna. 'Yar Inna ta hau bakin gado ta juya ma bango fuska. Ya tambaye ta inda ke ciwo, ta nuna mara ɓangaren dama. Zazzaɓi? Kaɗan. Amai? Wani lokaci. Sannan ya sassauta murya, ya ce, "Kina ganin al'adarki daidai?"

Na ɗaga kai ina kallon rufin kwano kamar ni na buga shi. Ita ta ƙara maida fuska ga bango. Can ta ce, "I."

Ya ce taifot ne. Ya sa mata ruwa leda guda, ya ba da ƙwayoyi, munka koma gida ina ta sa mashi albarka.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ina rumfa, sai ga maƙwabciyarsu da gudu babu ko mayafin kirki. Wai 'Yar Inna ta je ɗiban ruwa a randa ta faɗi. Na tarar an shimfiɗe ta a tabarma. Zufa ta jiƙa ta amma jikin sanyi ƙalau. Tana ce ma matan kafaɗarta ke ciwo. Na ce a raina, ciwon mara mi ya kai shi kafaɗa? Wata tsohuwa ta buɗe tafin hannunta ta nuna mani. Fari fat, kamar an wanke shi da toka.

Ƙanwata Luba tana aure a Birnin Ƙwanni, ƙetaren iyaka. Ita ce gwaggon da 'Yar Inna ke sakewa da ita. Na kira ta, na faɗa mata komai tun daga ɗakin Sanusi.

Ta ce, "Yaya, wa ya shiga da ita wurin likitan?"

Na ce, "Ni."

"Kana zaune anka yi mata tambayoyi?"

"Ina zaune. Mi ne ne?"

Sai ta ce, "Ka nemo mota yanzu. Ba babur ba, mota. Ku taho, ina bakin gidan haihuwa na unguwarmu."

Masu cewa don mi ban nufi Sakkwato ba, ku duba nisan Sakkwato ku duba na Ƙwanni. Kuma a Sakkwato ba ni da Luba.

Motar da na samu ta Ɗan'ige ce, wadda kowa ya sani, mai ƙofar da ake ɗaurewa da igiya. Cikinta warin fetur da ruɓaɓɓiyar albasa. Munka kwantar da ita a baya, maƙwabciyar ta riƙe kanta, ni a gaba. Kowane rami munka faɗa sai ta yi wani ɗan nishi, ni kuma in ce ma Ɗan'ige ya yi a hankali. In ya yi a hankali in ce ya yi sauri. Har ya ce, "Ummaru, zaɓi ɗaya, ƙafa biyu gare ni amma totur ɗaya ne."

Shekara nawa ina wuce 'yan canji kullum, muna gaisawa, suna kaɗa mani damin sefa, kuɗin Nijar, don tsokana. Ranar da nake bukatarsu na wuce su ban ko gan su ba. Sai can gaba na tuna naira ce kawai a aljihuna.

Ɓangarenmu ba a tsai da mu ba, sun san motar. A ɓangaren Nijar wani jandarma dogo ya ɗaga hannu, ya ce katin shaida. Na zura hannu aljihu na miƙa mashi abin da na ɗauko a gida cikin gaggawa. Ya duba katin, ya dube ni, ya sake duba katin.

"Baba, hijabi ya karɓe ka ƙwarai. Amma gemun fa, yaushe ya fito?"

Katin matata na ɗauko. Abokan aikinshi sunka fashe da dariya. Ni ban ga abin dariya ba, na fara rantsuwa ina haɗa kalmomi. Ya zagaya ya leƙa bayan mota. Ina kallon fuskarshi dariyar ta ɗauke. Bai kira kowa ba, shi da kanshi ya je ya sauke igiyar, ya buga bayan motar da tafin hannu, ya ce, "Ku tafi, ku tafi!" Ban san sunanshi ba. Allah ya san shi.

Luba tana tsaye inda ta ce. Ƙaramin gidan haihuwa ne mai fentin rawaya. Anka ɗauki 'Yar Inna a gadon turawa, na bi su har cikin ɗaki. Mai wurin wata ungozoma ce ta boko, Madam Zali, mace mai jiki, muryarta kamar ta mai gwanjon shanu. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai wane ne?"

"Ubanta."

"Fita."

"Ni na kawo ta, Hajiya."

"Madalla, ka kawo ta. Fita. Ke ma gwaggo, fita. Ke maƙwabciya, bi su."

Tun da gemuna ya fara fari babu macen da ta taɓa yi mani magana haka. Na fito ina huci. Na ce ma Luba, wannan wace irin ƙasa ce da ba a san babba ba? A Illela kujera anka ba ni. Luba ta ce, "To ai ka ga abin da kujerar ta haifar." Ban gane ba a lokacin, kuma ban da ƙarfin tambaya. Babu inuwa sai ta wata katanga, na raɓe nan ina jin zafin siminti ta cikin takalmi.

Ba a daɗe ba Madam Zali ta fito tana cire safar hannu. Ta tsaya gaban Luba, ni ina gefe.

"Yarinya ta ce in faɗa ma gwaggonta, gwaggonta ta faɗa ma babanta. Babu lokacin wannan zagaye. Gwaggo, da ke nake magana, wanda ke da kunne kusa ya ji."

Ta ce an gwada fitsari, ciki ne. An ɗauki hoton ciki, mahaifa babu komai. Cikin ya zauna ne a 'yar siririyar hanyar da ƙwai ke bi kafin ya kai mahaifa, ya girma nan har hanyar ta fashe. Jini yana zuba a cikin cikinta inda ido ba ya gani, shi ne ya taso har yana sa kafaɗa ciwo. Ba abin da za a ceta daga cikin. Ita ake son a ceta, kuma sai an yi aiki yau.

Luba ta ce, "Ta san tana da ciki?"

"Ta sani mana. Wata ya wuce ta, na biyu ya kama hanya. Tana ajiye labarin sai mijinta ya dawo. Da ta ga ɗan jini-jini ta ɗauka al'ada ce ta dawo, ko ɓari ne ƙarami. Kuma ta ce an tambaye ta gaban babanta." Ta juyo ta dube ni karon farko ba da faɗa ba. "Ɗiyar fari ce, ko?"

Na ce, "Ita ce."

Ta gyaɗa kai kawai. Ta ce nan ba su fiɗa, za ta tura mu wani babban asibiti gabas da Ƙwanni inda ta tabbatar akwai mai aiki da jini a yau, ta riga ta kira su. Ta sa mata ruwa hannu biyu. Ɗan'ige da maƙwabciya sunka juya gida, mu kuma munka shiga motar asibiti, ni da Luba da wani ma'aikacin jinya, can majo suke ce masu.

Wannan hanyar ba zan iya ba ku labarin gefenta ba, ban ga komai ba. Na san kwalta ce, na san akwai manyan motoci da tudun rage gudu a kowane ƙauye, don kowane ɗaya na ji shi a ƙirjina. Majo yana riƙe da wuyan hannunta, yana matsa ledar ruwa. Ya ce ma Luba ta riƙa yi mata magana, yana son ya san tana ji ko ba ta ji. Luba ta yi ta kiran sunanta, tana amsawa da "Umm." Tana ba ta labarin banza, na wata akuya da ta ci mata sabulu. Can amsar ta fara nisa. Can ta daina.

Luba ta kira, shiru. Ta girgiza ta, shiru. Majo ya buga gilashin direba ya faɗi wata magana da Faransanci, motar ta ƙara gudu.

Luba ta ce, "Yaya, kira ta."

Na matso, na ce, "'Yar Inna."

"Ba wannan ba! Sunanta! Kai ka raɗa mata shi, kira ta da shi!"

Ku da kuke da ɗan fari kun san abin da anka ce in yi. Sunan yana bakina, ni na zaɓe shi, sunan kakata ne. Amma harshena ya yi nauyi kamar an ɗora mashi buhu. Na dubi leɓɓanta sun yi fari. Na ce a raina, Ummaru, in ba ka faɗe shi yanzu ba, gaban liman za ka faɗe shi in an tambayi sunan mamaciya. Na sunkuya kusa da kunnenta na kira. Muryar da ta fito ban san ta ba. Na sake kira da ƙarfi.

Ta buɗe ido. Ta dube ni sosai, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana rarrafe. Sannan hannun nan mai allura ya fara lalube, yana neman bakin mayafi ta rufe fuska.

Luba tana kuka tana dariya. "Tana nan, majo, tana nan! Kunya ba ta sake ta ba."

A babban asibitin an san da zuwanmu, gado yana bakin ƙofa. Likitan, can lokotoro suke cewa, gajere ne Bazabarme, Hausarshi a karye amma ana ganewa. Abin da ya ba ni mamaki, da saurin da ake yi duka, ya tsaya ya yi mata bayani. Ita, ba ni ba. Ya sa na ja baya, ya durƙusa daidai kanta. Ya ce za su buɗe ciki su tsai da jinin, wataƙila su cire hanyar da ta fashe, ɗayar tana nan. Za a ƙara mata jini. Ya ce aikin yana da haɗari, amma barin shi ya fi haɗari nesa ba kusa ba. Ya ce ta faɗa mashi abin da ta fahimta. Ta faɗa a hankali. Ya ce ta yarda? Ta ce ta yarda. Sannan anka dangwala yatsanta.

Na ce ma Luba, mijinta fa? A wurinmu ai miji ake fara nema. Wayata ta mutu tun da munka bar Ƙwanni, layinmu ba ya kaiwa can. Luba ta kira Nasiru da tata. Yana cikin wata kasuwa, hayaniya ko'ina, yana ta ihu, "Mi? Wace hanya? Ku yi! Don Allah ku yi, mi kuke jira?" Ashe ba shi ake jira ba, har an wuce da ita.

Na tare lokotoro a bakin ƙofa na ce, mi ya sa za ka tsorata yarinya da maganar haɗari? Yana wanke hannu ya ce, "Baba, jikinta ne. Gara ta ji a bakina kafin, da ta ji a bakin wani bayan." Ya shige.

Anka ce a ba da jini. Ni da nake ɗaukar dami a ka tun ina yaro, allura ɗaya ta sa na ga ɗakin yana juyawa. Na farka ƙafafuna a sama kan benci, wani Buzu mai baƙin rawani yana yi mani fifita da kwali. Agali sunanshi, matarshi ya kawo, ƙafarta ta karye. Da ya ji ana neman ƙari ya naɗe hannun riga bai tambayi ko mu su wane ne ba. Na ce mashi ban san yadda zan gode ba. Ya ce, "Ka daina faɗuwa, shi ne godiya. Kana da nauyi."

La'asar ta same ni a wannan jiran. Na yi sallah, ban san raka'a nawa na yi ba, na sake, na sake rikicewa. Duk ƙofar da ta motsa sai in miƙe. Anka fito da wani a rufe da zane, na bi su da ido har sai da na ga tafin ƙafar namiji ne. Allah ya gafarta mani, na yi hamdala, alhali shi ma ɗan wasu ne.

Rana ta yi sanyi lokotoro ya fito. Ya ce an tsai da jinin, an cire hanyar dama, ta hagu lafiyarta lau. Ya ce da mun ƙara jinkiri kaɗan da wata magana ake yi. Al'adarsu su nuna ma dangi abin da anka cire, a cikin wani ƙaramin kwano. Luba ta duba. Ni na ce na yarda ban gani ba.

Masauki kuma, wata doguwar rumfa ce ta 'yan jinya a bayan asibiti. Kowa da tabarmarshi da murhun duwatsu. Buzaye, Fulani, Zabarmawa, da mutanenmu na Najeriya da yawa, har na haɗu da wanda ya taɓa sayen buhu wurina ya ce ɗinkin ya ɓalle. Nan ma ban tsira ba. Agali ya matsa mani gefen tabarmarshi. Shayinshi ɗaci kamar maganin shawara, a ɗan kofi kamar murfin kwalba, kuma in ka sha na farko dole ka jira na biyu da na uku, in ka tashi ka yi rashin mutunci. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, in ya kwana sai ka jiƙa shi, na gwada shi haka nan ya tsaga mani dasashi. Mai burodin ta ƙi karɓar naira, ta riƙe takardar da yatsa biyu kamar ta tsinto ta a kwata, sai Luba ce ta fidda ni. Abin da ya riƙe ni dambu ne da zogale, wata tsohuwa ke kawowa da hantsi. Wannan kam sun fi mu iya shi, a faɗi gaskiya.

Kada ku ɗauka komai nasu daidai ne. Kowane abu sai an rubuta maka ka je ka sayo, har auduga. Masu shara suna yi ma mutane tsawa kamar yara. Kuma in sun juya harshe zuwa Faransanci gabanka, sai ka tsargu ko gulmarka ake yi.

Akwai abin da ban taɓa sani ba. Wanda anka yi ma aikin ciki ba a ba shi abinci sai hanjinshi ya motsa, alamar kuwa ita ce ya saki iska. Duk rumfar nan abin da ake jira ke nan. Da safe ana gaisawa, "Yaya mai jiki? Ya yi?" "Tukuna." "Allah ya kawo." Ni dai na ce wannan tambaya ba da ni ba, ɗiyar fari ce. Ina zaune cikin maza muna shayi sai ga Luba daga nesa tana ɗaga hannu, da muryarta duka: "Yaya! Ta yi!" Rumfa ta ɗauka da barka. Agali ya kama hannuna yana girgizawa. Na rasa inda zan sa fuskata, amma wallahi ban taɓa jin labari mai daɗin wannan ba.

Da ta dawo hayyacinta ne kukan ya zo. Ni ban shiga ba, Luba ke gaya mani. 'Yar Inna tana cewa ko don ta ɗauki tulu ne, ko don ta yi daka. Lokotoro ya zauna ya ce mata babu abin da ta ɗauka ko ta ci da ya jawo shi, yana faruwa haka nan. Wata tsohuwa a gadon kusa ta ce ai ba ɗa ba ne tukuna, mi ne ne na kuka. Luba ta ce mata, "Inna, ita ta san abin da ta rasa." Nasiru ya iso da ƙurar hanya a jikinshi, ya shiga, ya fito ya zauna bayan rumfa ya rufe kai da riga. Na bar shi.

Ranar sallama lokotoro ya gan ta ita kaɗai tukuna, sannan da izininta ya kira Nasiru. Ya ce tana iya samun ciki da hanyar da ta rage in Allah ya so, amma duk ranar da wata ya wuce ta, kada a jira ciki ya fito, a je a ɗauki hoto da wuri a ga inda ya zauna. Ni na tare shi a baranda na tambaye shi abin da ke cina: wanda ya ce taifot ne, ya yi laifi ko bai yi ba? Ya ce ba zai yanke ma wanda bai gani ba hukunci. Amma shi, duk macen da ke cikin shekarun haihuwa in ta zo da ciwon mara, sai ya gwada fitsarinta, ko mi ta ce mashi. Kuma ba ya tambayarta gaban kowa, ko uwarta ce.

Dawowa babu labari, sai jandarman nan da ban samu a bakin aiki ba. Labarin yana gida. Yayan Nasiru, Alhaji Tukur, ya tara 'yan'uwa, wai sai an kai Sanusi wurin 'yan sanda, a rufe ɗakin, a kai shi kotu. Ya zo rumfata yana buga sanda a ƙasa.

"Ummaru, ɗiyarka ce fa! Yaron ga ya kusa kashe ta, kai kana nan kana lissafin buhu?"

Na ce, "Alhaji, ban wanke shi ba. Ba ni kwana ɗaya in ji bakinshi."

Na je. Sanusi yana ganina ya miƙe, yana leƙen bayana ko da 'yan sanda na zo. Ya rame. Na faɗa mashi komai, har kwanon da Luba ta duba, ban rage ba. Bai yi musu ba, bai ce ita ta ɓoye ba. Ya jawo aljihun tebur ya nuna mani abin gwajin fitsarin, kwali guda, ko buɗe shi ba a yi ba.

Ya ce, "Baba, ya zo mani a rai. Wallahi ya zo mani. Amma kana zaune. Na ji nauyin in ce ɗiyarka ta kawo fitsari a gwada ciki gabanka. Kuma na ji nauyin in ce ka fita, ni da na ce ka zauna."

To kun ji. Mu uku a ɗaki, kowa yana girmama wani, ita kuma jini na shirin zuba a cikinta. Na ce mashi, "Kai anka sa a wurin ga don ka yi rashin kunyar da mu ba mu iyawa. In ba ka iya korar tsoho, rufe ɗakin ka zo in koya maka saida buhu." Ya ce ya ji. Na ce ma Alhaji Tukur abin da Sanusi ya faɗa, na ce in za a je kotu 'Yar Inna da mijinta ke da wannan magana, ba ni ba, ba shi ba. Anka tambaye ta ta bakin Luba. Ta ce ba ta so. Alhaji har yau gaisuwarmu sama-sama.

Ciwon yana son wanki, kuma ba kullum za a ƙetara iyaka ba. Ita da kanta ta ce a kai ta wurin Sanusi, ya fi kusa. Munka je ni da Nasiru. Muna shiga hannun Sanusi ya tafi kan kujerar nan ta roba, don sabo.

"Baba, zau..."

Ya tsaya da bakinshi a buɗe. Na karɓi kujerar daga hannunshi, na ɗauke ta, na ja hannun rigar Nasiru, munka fito. Na dasa ta ƙarƙashin icen dogon yaron da ke ƙofar, na zauna, Nasiru ya tsuguna gefe. Wata ma'aikaciya da Sanusi ya ɗauka kwanan nan ta saki labule.

Daga inda nake ba a jin kalmomi, sai sauti. Na ji ya yi tambaya gajera. Sannan muryarta ta fara, ta yi ta tafiya, ta tsaya, ta ci gaba. Har mai rake ya zo ya wuce tana magana. Na dubi Nasiru na ce, "Dama haka take da surutu?"

Ya ce, "Baba, ai ba ka ji komai ba."

Kujerar tana nan waje har yau, na wuce jiya na gan ta. Masu tambayata sunan da na kira a cikin mota kuwa, ku je Ƙwanni ku tambayi Luba.